Yadda ake canza gaskit ɗin tof da ya ƙone a Golf 3

Kamfanin Volkswagen ya daina ƙera Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990, amma har gobe ita ke jigilar fasinja da kaya a hanyoyin Kano, Katsina, Gusau da Sakkwato. Injinta na jure wahala, abu guda ne ba ya yafewa, wato zafi. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, tof ɗin da ke samansa kuma na alminiyam, shi kuwa alminiyam idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Gaskit ɗin da ke tsakaninsu shi ke raba wutar silinda da ruwan sanyaya inji da baƙin mai, kowa a hanyarsa. Ranar da mota ta tafasa direba ya ci gaba da taka ta, tof ya ɗan lanƙwashe, wuta ta sami kafa, gaskit ya ƙone.

Wannan ya sa nake cewa gaskit ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ke ƙona shi. Canza shi aiki ne da mai haƙuri da kayan aiki zai iya. Abin da ke sa mota ta dawo gareji bayan wata guda abu uku ne: ba a gano abin da ya jawo zafin ba, ba a auna tof ba, ko an ɗaure shi da ƙiyasin hannu. Alƙaluman da ke nan na injin fetur 1.8 ne mai bawul 8, mai lambar AAM, ABS ko ADZ. Lambar tana buge a jikin bulok. Idan injinka wani ne daban, tsarin aikin ɗaya ne, amma ka nemi awon ɗaurinsa a littafin motar.

Da farko ka tabbatar gaskit ɗin ne

Kada ka kwance inji saboda kawai ruwa na raguwa. Golf 3 tana da wata mahaɗar tiyo ta roba a gefen tof wadda ke tsagewa idan ta tsufa, ga wata famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwan inji, ga lagireto, duk suna iya zubar da ruwa. Wasu injinan kuma suna da ɗan akwatin sanyaya mai a saman filtar mai, idan ya huje mai na shiga ruwa alhali gaskit lafiyarsa ƙalau.

Da safe, inji na da sanyi, buɗe murfin tankin ruwa, wannan mai kewayen da ke gefe, domin lagireton Golf 3 ba shi da murfi. Tayar da mota ka zuba ido. Idan kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan na tunkuɗowa waje tun inji bai ɗumama ba, iskar silinda ce ke shiga hanyar ruwa. Rufe murfin ka matsa babban tiyon sama: idan ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, alamar ɗaya ce. Zaro ma'aunin mai ka duba. Man da ruwa ya shiga yakan koma launin shayi mai madara. Sai dai ɗan farin maiƙo a murfin mai kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke gajerun tafiye-tafiye da hunturu takan yi shi. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, da karkarwar inji da sassafe, su ma shaida ne.

Ciro filogi huɗun ka jera su bi da bi. Wanda ya fito fes, ya fi 'yan uwansa tsabta, tururi ne ya wanke shi, silindarsa ce ke shan ruwa. Idan akwai ma'aunin kwamfireshan a garejin, a auna. Injin ABS mai lafiya yana ba da matsin bar 10 zuwa 13, kuma bai kamata bambancin silinda da silinda ya wuce bar 3 ba. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare na nufin gaskit ya yanke a tsakaninsu.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: idan ka murɗa maƙulli inji ya ce ƙiƙ ya ƙi juyawa, kada a tura motar. Mai yiwuwa silinda ta cika da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe. Ciro filogi tukuna, a juya inji ruwan ya fita.

Abin da za ka tanada

Gaskit na kamfanin da aka sani, irin su Elring ko Victor Reinz. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a nuna maka kala-kala, jabu ma na zuwa cikin kwali mai kyau, don haka ka tafi da tsohon ka ɗora sabon a kansa, kowane rami ya yi daidai da ɗan uwansa. Sayi sababbin kusoshin tof guda 10. Mutane na ƙyashin wannan kuɗin, amma kusoshin irin waɗanda ke miƙewa ne idan aka ɗaure su, kuma wanda ya miƙe sau ɗaya ba ya riƙo kamar da. Ƙara da gaskit ɗin murfin bawul, na manifol, wato bututan shigar iska da fitar hayaƙi da ke jikin tof, sabon taimin bel da abin ɗame shi, tamostat, baƙin mai kusan lita 4, filtar mai, da ruwan sanyaya inji na galan.

Kusoshin tof suna da kai mai haƙora ta ciki, suna buƙatar bakin sifanarsu na musamman. Duba naka ka nemi wanda ya zauna daram, domin idan haƙoran suka cinye aikin yini ɗaya ya zama na uku. Sai sifana mai awon ɗauri. Idan ba ka da ita ka aro, idan ba a samu ba ka jira har a samu. Kana buƙatar doguwar rula ta ƙarfe madaidaiciya da filagej, waɗannan siraran ƙarafan da ake auna bakin filogi da su.

Kwancewa

Bar inji ya huce sarai, gara ya kwana. Kwance tof da zafinsa na lanƙwasa shi. Cire kan batir na negatif. Ɗauki hoton injin da wayarka ta kowane ɓangare, kowace waya da tiyon da ka cire ka manna mata tef ka rubuta inda take. Tara roba a ƙasa ka cire tiyon lagireto na ƙasa ruwa ya tsiyaye. Idan akwai ruwan galan a ciki kada a bar shi a buɗe, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.

Kafin ka taɓa bel, saita taimin. Cire murfin bel na sama. Juya inji da sifana ta kusar karanshaf, ta inda hannun agogo ke tafiya, har alamar da ke jikin giyar kamshaf, wato shaf ɗin saman tof mai buɗe bawul, ta yi daidai da tata alamar da ke bayanta. Leƙa ramin da ke saman giyabos, alamar filawil, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giyabos, ta tsaya a kan tsininta. Buɗe murfin distiributa, rotar na kallon ɗan yankan da ke bakin gidanta. Wannan na ukun shi ake yawan mantawa. A injin nan akwai wani shaf na tsakiya da bel ɗin ke juyawa, shi ke tuƙa distiributa da famfon mai, kuma da zarar bel ya saki yana iya gocewa ba ka sani ba. Sa wa dukkansu alamar fenti. Sannan ka sassauta notin abin ɗame bel, ka zare bel ɗin daga giyar kamshaf. Daga nan kada kowa ya juya inji.

Cire akwatin iska, wayar totur, tiyon fetur biyu tare da tsumma a hannu saboda ragowar matsi, wayoyin filogi, wayoyin sensa, tiyoyin ruwan da ke shiga tof, da bututun salansa daga manifol. Notocin salansa sukan ci tsatsa, jiƙa su da mai tun da wuri. A wannan injin manifol na iska da na hayaƙi duka suna bayan tof ne, wajen gaban direba, inda hannu ba ya shiga da daɗi, saboda haka ya fi sauƙi a ɗago tof ɗin tare da su a kwance su a kan benci. Cire murfin bawul da farantin robar da ke ƙarƙashinsa.

Yanzu kusoshin tof. Fara daga na gefe-gefe kana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, ka ƙare a tsakiya. Zagayen farko kwata-kwatan juyi kawai za ka ba kowace, zagaye na biyu ka ƙara, na uku ka zare. Ku ɗaga tof ɗin ku biyu. Idan ya manne, buga gefensa da guduma ta roba. Kada ka cusa sukundireba tsakaninsa da bulok, tabon da za ta bari a alminiyam shi zai zama sabuwar hanyar yoyo. Ajiye shi a kan katako biyu, fuskarsa kada ta taɓa ƙasa, domin wasu bawul suna leƙowa.

Kada ka jefar da tsohon gaskit tukuna, karanta shi. Inda zoben ƙarfen da ke kewaye silinda ya yi baƙi ko ya tsinke, nan wuta ta bi. Duba daidai wurin a jikin tof da bulok da idon basira.

Gogewa da awo, inda aikin yake

Toshe silinda da ramukan mai da tsumma mai tsabta. Kankare ragowar gaskit a hankali, a jikin tof da abin kankara na roba ko reza da aka kwantar sosai. Ban yarda da burushin waya na injin hannu a kan alminiyam ba, haka ma sanfefa mai kaushi. Suna cin wuri ba daidai ba, kuma yashinsu na gangarawa cikin mai ya je ya ci metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu. Goge da fetur ko tina har farin tsumma ya fito da farinsa.

Ramukan kusoshi 10 da ke jikin bulok a tsotse su tas. Lokacin ɗaga tof ruwa da mai kan zuba ciki. Idan ka ɗaura kusa a kan ruwa, ko dai sifana ta nuna maka ɗaurin ƙarya, ko matsin ya tsaga bulok. Sirinji da ɗan tiyo sun isa, ko iskar kwamfiresa. Gwada tsohuwar kusa a kowane rami, ta shiga da yatsu har ƙasa.

Kifa tof ɗin, ɗora rula a tsawonsa, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, sannan a faɗinsa tsakanin silinda da silinda. A kowane wuri gwada cusa filagej mai kaurin milimita 0.1 a ƙarƙashin rular. Idan ya shige, tof ya lanƙwashe fiye da abin da kamfani ya yarda da shi, dole a kai shi wurin masu injin yankan tof. Ido ba ya ganin 0.1, tafin hannu ma ba ya jin sa, don haka “ai na duba lafiya lau yake” ba awo ba ne. Goga tof a kan gilashi da sanfefa, ko a kan daɓen siminti kamar yadda wasu ke yi, ba ya mayar da shi daidai.

A wurin yanka ka ce a ɗebi mafi ƙanƙantar abin da zai daidaita shi, kuma a auna tsayinsa. Kada ya gaza milimita 132.6 daga fuska zuwa sama. Motocin nan sun tsufa, da yawa an riga an yanke tof ɗinsu sau ɗaya ko biyu. Wanda ya gaza wannan awon yana kusanto da bawul ga fistin, yana ƙara matsi inji ya riƙa ƙwanƙwasa. A nan gara a nemi tof ɗan Beljiyam, shi ma a auna shi kafin a biya kuɗi. Dabarar ɗora gaskit biyu don cike gurbi ba ta daɗewa.

Duba tsagewa. Siririn tsagu tsakanin mazaunin bawul biyu abu ne da aka saba gani a tof ɗin Volkswagen, kamfanin ma ya yarda a ci gaba da aiki da shi muddin faɗinsa bai wuce milimita 0.5 ba. Wanda ya kai ga hanyar ruwa kuwa ya gama yawo. Idan mai yankan yana da abin gwada tof da matsin ruwa ko iska, biya a gwada. Tunda tof na ƙasa, zuba kalanzir a kwarmin kowace silinda ka ga ko yana tsiyaya ta bawul ɗin da ke rufe. Idan yana yi, a yi garandin bawul, a canza robobinsu. Auna fuskar bulok ma da rular nan, ko da yake shi ba kasafai yake lanƙwashewa ba.

Ɗorawa da ɗauri

Ɗauki tsofaffin kusoshi biyu ka yanke kawunansu, ka tsaga saman kowace yadda sukundireba za ta kama. Ɗaura su a ramuka biyu na ƙarshe ta baya. Su za su riƙe gaskit kada ya goce, su kuma ja tof ya sauka daidai. Fito da gaskit daga ledarsa sai lokacin ɗorawa. Rubutun OBEN ko TOP ya kalli sama. Duba ramin da mai ke hawa zuwa tof a buɗe yake, domin gaskit da aka kifa na iya toshe shi, kamshaf ya bushe.

A ɗora shi a bushe. Ba gam, ba girisi, ba fenti. Na san wannan ya saɓa wa abin da yara da yawa suka koya a gareji, amma gaskit na zamani ya zo da nasa shafin daga kamfani, gam kuwa na hana shi kamawa, abin da ya matso ya shiga ramukan ruwa da mai.

Tabbatar alamar kamshaf da ta filawil suna inda ka bar su, sannan ku sauke tof a hankali. Sa sababbin kusoshi takwas da hannu, zare jagororin biyu, sa ragowar. Idan takardar da ta zo da kusoshin ta ce a shafa musu mai, shafa kaɗan, idan ba ta ce ba ka bar su yadda suka zo.

Ɗauri daga tsakiya yake farawa, yana tsallakawa gaba da baya, dama da hagu, har ya kai gefe. Zagaye huɗu ne, kuma kowane zagaye sai ya bi kusoshi 10 duka kafin a shiga na gaba. Na farko Nm 40 da sifana mai awo, Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri da ke rubuce a jikinta. Na biyu Nm 60. Na uku ka ajiye mai awon, ka ɗauki doguwar sifana, ka juya kowace kusa digiri 90, wato kwata ɗin zagaye. Na huɗu ka ƙara wani 90. Kafin zagaye na uku ɗiga fenti a kan kowace kusa ta ɓangaren da ke kallonka. Idan an gama, duk ɗigon ya koma yana kallon baya. Da haka ko an kira ka a waya ana tsakiyar aiki, ka san wadda ka juya da wadda ba ka juya ba. Kowane kwata ka ja shi a tafi ɗaya, ba fizga-fizga ba.

Wanda ya zura bututu a sifana ya ja har sai ya ji “ta kama” bai san nawa ya ɗaura ba. Wata kusar ta wuce, wata ba ta kai ba, tof ɗin da aka biya kuɗi aka daidaita ya sake karkacewa tun kafin a tayar da inji. Bayan wannan zagaye huɗun ba a sake taɓa kusoshin, ko bayan mota ta yi tafiya.

Mayar da bel, alamomi uku duka a mazauninsu. Idan abin ɗamewar na hannu ne, ɗame har ya zama da babban yatsa da manuniya da ƙyar kake murɗa bel ɗin digiri 90 a tsakiyar doguwar tazararsa, sannan ka ɗaure notin a Nm 45. Juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ka ji ya tokare, tsaya, taimin ya goce. Idan ya zagayo lafiya, sake duba alamomin. Notocin murfin bawul Nm 10 ne kawai, ɗaurin ƙarfi na lanƙwasa murfin ya riƙa yoyo. Wayoyin filogi suna bin tsarin 1-3-4-2, silinda ta 1 ita ce ta wajen bel. Sauran kayan a mayar da su bisa hotunan da ka ɗauka.

Abin da ya ƙona shi

Kada ka tayar da mota sai ka amsa wannan tambayar. Tamostat na ƙarƙashin wata famfo. A ƙasar nan an saba cire shi a jefar, wai don ƙasarmu na da zafi. Ni ina ganin kuskure ne. Yana buɗewa ne a wajen digiri 85 zuwa 87, yana riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Babu shi inji na daɗewa bai ɗumama ba, yana shan fetur, kuma cire shi na ɓoye ainihin ciwon ne kawai, ko lagireton da ya toshe ko famfon da fukafukansa suka cinye. Jefa sabon cikin ruwan zafi ka ga ya buɗe kafin ka ɗaura.

Girgiza fulin wata famfo, idan yana wasa ko akwai sawun ruwa a ƙasansa a canza. A wanke lagireto ciki da waje, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi na toshe fuskarsa. Murfin tankin ruwa na riƙe matsi kusan bar 1.4, matsin nan ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka naɗe da leda, shi kaɗai ya isa ya ƙona sabon gaskit. Fanka kuma tana da sensa a jikin lagireto da ke kunna ta a wajen digiri 92 zuwa 97. Idan an haɗa ta kai tsaye saboda sensar ta mutu, a sayi sensar.

Ruwan rijiya da na burtsatse na barin gishiri da tsatsa a cikin inji, suna cin alminiyam daidai bakin ramukan ruwa, inda gaskit ke zama. Injin na ɗaukar kusan lita 6. Haɗa ruwan galan da ruwan batir wanda ba asid ba, rabi da rabi, ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa.

Juye tsohon mai, canza filta, zuba sabo. Cika ruwa a hankali kana matsa tiyoyi iska ta fita. Tayar da inji ka bar shi a silo. Fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, idan ba ta mutu ba kashe nan take. Ƙarar bawul na ɗan lokaci ba komai, mai ne bai gama cika su ba. Duba ɗan siririn tiyon da ke komawa saman tanki, ya riƙa tsartuwa da ruwa, shaidar famfo na turawa ke nan. Rufe murfin, jira tiyon ƙasa ya yi zafi, fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta. Salansa zai iya yin tururi na ɗan lokaci saboda ruwan da ya kwanta a cikinsa tun da. Kada ka buɗe murfin tanki da zafi, bari sai ya huce ka ƙara ruwa zuwa alamarsa.

Makon farko a tafi da ita sannu, ba lodi mai nauyi, ido na kan allurar zafi, kowace safiya a duba ruwa da mai. Idan ruwa ya daɗe cikin mai kafin gyaran, sake juye man da filta bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, kuma ka saurari ƙasan inji: ƙwanƙwasa mai nauyi idan ya yi zafi na nufin ruwan ya riga ya taɓa metal, sai a sauke kaskon mai a duba su kafin karanshaf ya ci.